Tsabtace Gurɓatacciyar Ƙasa da Ruwan Rijiya: Amsoshin Tambayoyin Masu Son Koyon Aikin

Yawancin waɗannan tambayoyi daga ɗalibai suke zuwa, sai ma'aikatan duba-gari, sai kuma masu haƙar rijiyar burtsatse da suka taɓa gama aiki suka tarar ruwan yana warin fetur. Mun tattara waɗanda aka fi maimaitawa. Za a ga mun yawaita kawo misali da Zamfara. Dalili shi ne a can aka yi babban aiki irin wannan a arewacin Najeriya, kuma 'yan garuruwan ne suka yi shi da fartanya da shebur.

Me ake nufi da tsabtace ƙasa? Ba shara da kwashe bola ba ne?

A'a. Shara tana ɗauke abin da ido ya gani. A nan ana maganar gubar da ta shige cikin ƙasa ko cikin ruwan da ke ƙarƙashinta: dalma, zaiba, man fetur, baƙin mai, maganin ƙwari, ruwan majema. Tsakar gida tana iya zama fes, an share an yayyafa ruwa, amma ƙurar da yaro mai rarrafe yake lasa a hannunsa tana ɗauke da ajalinsa.

Masu aikin suna duba abu uku: inda gubar take, hanyar da take bi, da wanda take isa gare shi. In ka cire ɗaya daga cikin ukun, ka kashe haɗarin. Wani lokaci kwashe gubar ake yi, wani lokaci a rufe ta, wani lokaci a hana mutane shan ruwan kafin a san abin yi.

Me ya faru a Zamfara da kullum sai an ambace ta?

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Amai, taune-taune, suma, sai a rasa yaro. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba. Da aka gwada jini sai aka ga dalma ce. Yara kusan 400 suka rasu.

Zinariya ta yi tsada a lokacin, mutane suka koma haƙa. Dutsen da ake haƙowa yana da dalma mai yawa, ana kuma kawo shi cikin gida a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. A wasu wuraren an auna ƙasa aka sami miligiram fiye da 100,000 na dalma a kowane kilo, wato kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce. A lokacin, ma'aunin hukumar muhalli ta Amurka ga wurin wasan yara miligiram 400 ne.

Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Guru, Tungar Daji da Duza su aka fara tsabtacewa tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, bayan an yi ta matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

To yaya aka yi aikin? Manyan injuna aka kawo daga waje?

Wannan ita ce tambayar da muka fi son a yi mana. Injin tona ƙasa ba zai shiga zaure ba, ba zai bi lungun da baro ma da ƙyar yake wucewa ba. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, wadda yanzu ake kira Pure Earth, suka tsara aikin, suka horar da ma'aikatan ma'aikatar muhalli ta jihar da na ƙananan hukumomi, aka ɗauki mutanen gari aikin ƙarfi.

Gida-gida ake bi. A zana taswirar gidan a takarda, ɗaki-ɗaki, har da madafa da turken dabbobi. A auna ƙasar kowane sashe a rubuta lamba a kan taswirar. Inda dalma ta haura miligiram 1,000 a kilo, a kankare saman ƙasar kamar santimita 5 da fartanya, a zuba a buhu, a sake aunawa. In har yanzu tana da yawa a ƙara kankarewa. Inda take tsakanin 400 da 1,000, a lulluɓe da sabuwar ƙasa. Ƙasar da ake kawowa ita ma sai an auna ta tun a ramin da ake ɗibar ta. Buhunan a kai su wani rami da aka tona musamman a bayan gari, a binne, a rufe. Sannan a wanke daɓen siminti, a kakkaɓe ɗakuna, tabarmin da ya sha ƙura a rabu da shi.

A ƙauyuka takwas an kwashe ƙasa fiye da kyubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren niƙa sama da 800. Akwai wani abin da takarda ba ta koyarwa: gidajen kulle ne da yawa, namiji baƙo ba ya faɗa wa mata haka kawai. Sai da aka samu mata masu wayar da kai, aka bi ta hannun masu unguwanni da dagatai da hakimai, kafin ƙofofi su buɗe. Wanda ya iya lissafin ƙasa amma bai iya sallama ba, a ƙofar gida zai tsaya.

Me ya sa ba a ba yaran magani kawai ba?

Akwai magani mai kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, kuma MSF ta ba dubban yara shi, musamman waɗanda dalmar jininsu ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita. Amma in yaro ya sha ya koma tsakar gidan da ya kwaso gubar, an yi ɗiban ruwa da kwando. Shi ya sa aka sa tsabtace gari a gaba, magani ya biyo baya. Yaran Bagega sun daɗe suna jiran magani saboda garinsu yana jiran a kwashe ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Kuma tun da muna nan: kwallin dutse da ake sa wa jarirai, sau da yawa dutsen dalma ne.

Malam, ina son in yi wannan aikin. Wane karatu zan yi?

Babu digiri ɗaya da ya mallaki aikin. Wanda ya karanta ilimin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi kowa saurin gane inda guba za ta bi. Injiniyan gine-gine ko na sinadarai shi ke tsara rami da famfo da matata. Mai ilimin sinadarai yana ɗakin gwaji. Masanin ƙasar noma, da jami'in lafiyar muhalli, kowa da gurbinsa. A Najeriya masanan duwatsu suna rajista da hukumarsu ta COMEG, injiniyoyi da tasu ta COREN. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna ta daɗe tana koyar da haƙar rijiya da gwajin ingancin ruwa, kuma wannan tushe ne mai kyau ga wanda ba zai yi dogon karatu ba.

Shawararmu, wadda ba kowa ke son ji ba: ka nemi aikin fili tun kana ɗalibi, ko da riƙe kwalba da rubuta lamba ne. Mun sha ganin wanda ya rubuta kundin digiri a kan gurɓatar ruwa amma bai taɓa zura igiyar awo a rijiya ya faɗi zurfin ruwanta ba.

Akwai inda zan samu horo ba tare da na biya ba?

Akwai, in kana da data da haƙurin Turanci. Hukumar muhalli ta Amurka tana da wata taska da ake kira CLU-IN, inda ƙwararru ke gabatar da darasi kai tsaye ta intanet kyauta, kuma ana ajiye tsofaffin darussan don a saurara daga baya. A nan ma akwai 'yan takardu masu shafi biyu-biyu da aka rubuta don mutanen gari, kowace tana bayanin dabara ɗaya cikin sauƙi. Da su ya kamata sabon shiga ya fara. Ƙungiyar ITRC, ta jami'an muhalli na jihohin Amurka, ita ma tana da darussa kyauta masu zurfi fiye da waɗancan. The Groundwater Project, wanda masanin ruwa John Cherry na Kanada ya kafa, yana raba littattafan ruwan ƙarƙashin ƙasa kyauta. Daga Birtaniya akwai tsarin LCRM, mai nuna matakan aikin daga binciken farko har zuwa tabbatar da an gama. Manhajar zana taswira QGIS da ta lissafin tafiyar ruwa MODFLOW duk ba a saye.

Sai dai a riƙa karantawa da tacewa. Amurkawa sun gina waɗannan darussa ne a kan dokarsu ta Superfund ta 1980, wadda ta biyo bayan abin da ya faru a unguwar Love Canal, inda aka gina gidaje da makaranta a kan tsohon jujin sinadarai. Darussan sun ɗauka kana da wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗakin gwaji a kusa, da kuɗin shekara goma. Ka ɗauki hankalin da ke ciki, ka bar abin da bai dace da garinku ba.

Na ga ana tallar wani satifiket mai suna HAZWOPER. In biya?

Horo ne na kare kai ga masu aiki a wuraren guba, na awa 40, ana sabunta shi da awa 8 duk shekara. Dokar Amurka ce ta wajabta shi, ba ta Najeriya ko Nijar ba. In wanda zai ɗauke ka aiki ya nema, ka yi. In ba haka ba, abin da ke cikinsa ya fi takardar: yadda ake sa takunkumi ya zauna daidai, raba wurin aiki da wurin cin abinci, wanke hannu da takalmi kafin a fita, da barin kayan aiki a wurin aiki. Leburan da ya koma gida da rigar da ya yi wuni da ita cikin ƙurar dalma, ya ɗauki jaririnsa, ya kai masa abin da ya je kwashewa.

Wace na'ura ce ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalma nan take?

Ita ce XRF ta hannu, kamar injin huda bango a siffa. Tana harba haske irin na hoton ƙashi a ƙasa, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka ta nuna yawan dalma da wasu ƙarafa. Ita ce ta sa aikin Zamfara ya yiwu, don ba a jira sakamako daga ƙasar waje kafin a ce wa masu fartanya su ƙara zurfi.

Tana da tsada sosai, kuma tana da sharuɗɗa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana sa ta faɗi ƙasa da gaskiya. Fatar ƙasa kawai take gani, ba ta san abin da ke kamu ɗaya a ƙasa ba. Ba ta ganin fetur ko maganin ƙwari. Kullum da safe ana gwada ta da ƙasar da aka riga aka san adadinta, ana kuma tura wasu samfura ɗakin gwaji don a tabbatar ba ta yi ƙarya ba. Ba a saita ta ga mutum, kuma a Najeriya hukumar NNRA ce ke kula da izinin irin waɗannan na'urori.

Me ya sa ake cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi ƙasa wuyar tsabtacewa?

Saboda ba ka ganinsa, kuma ba kogi ba ne da ke gudu a ƙasa kamar yadda wasu ke zato. Yana tsattsafowa ne ta tsakanin rairayi da tsagin dutse, a hankali ƙwarai, wani wurin 'yan mitoci a shekara guda. Gubar da ta shiga yau tana iya isa rijiyar maƙwabci bayan wanda ya zubar da ita ya daɗe da tashi.

Fetur da gas ba su kai ruwa nauyi ba, sai su kwanta a samansa. Da damina ruwa ya taso da su, da rani ya sauka da su, su shafe ƙasar da ke tsakani kamar man shanu a jikin ƙwarya. Wasu sinadaran wanke ƙarfe da tufafi kuma sun fi ruwa nauyi, su nutse su kwanta a kan yumɓu ko su maƙale a tsagin dutse, suna narkewa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru.

Tsohuwar dabara ita ce a zuƙo ruwan da famfo, a tace, a mayar. Tana hana gubar yaɗuwa, amma sau da yawa da an kashe famfo sai adadin ya sake hawa. Akwai tona rami a kan hanyar ruwan a cika shi da garin ƙarfe, ruwan ya ratsa ya bar gubarsa. Akwai zuƙe tururin mai daga cikin ƙasa, da hura iska don ƙwayoyin halitta su cinye man. Ko wacce za a zaɓa, sai an san inda ruwan ya dosa, kuma wannan ba ya sanuwa da rijiya ɗaya. Aƙalla uku ake buƙata, a auna tsayin ruwan kowace daga ma'auni ɗaya.

Rijiyarmu tana warin fetur, kuma akwai gidan mai kusa. In mun tafasa ruwan ya isa?

Bai isa ba. Ku daina sha da girki da shi daga yau. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne. Ba ta fitar da dalma, sai ma ta ƙara mata kauri yayin da ruwa ke ƙonewa, ruwan fetur kuma in an tafasa shi a ɗaki tururinsa za a shaƙa. Alam da kulorin ma ba aikinsu ba ne.

Kada kuma a yi gaggawar haƙa sabuwa. Mun san wani gida da suka kashe kuɗi suka haƙa burtsatse taku goma daga tsohuwar rijiya, ba a toshe bakinta da siminti yadda ya kamata ba. Wata biyu ruwan ya yi daɗi, daga nan warin ya biyo ta jikin bututu ya sauka har ruwan ƙasa mai zurfi da da yake lafiya. Ku rubuta ranar da kuka fara jin warin, ku tambayi maƙwabta, ku kai ƙorafi a rubuce, ku nemi a gwada tankin gidan man.

Yaya ake ɗibar samfurin ruwa da za a yarda da sakamakonsa?

Ba a gorar lemo ba. Ɗakin gwajin ne ke ba da kwalabe, don kowace guba da irin tata. Ana fara zubar da ruwan da ya kwana a rijiyar awo, wato wadda aka haƙa don duba ruwan ƙasa, bisa al'ada ninki uku na abin da ke cikinta, sannan a ɗiba. Na fetur ƙaramar kwalbar gilashi ce, a cika ta maƙil, a juya a duba, in akwai kumfar iska ko ɗaya a sake. A saka cikin ƙanƙara nan take. Na ƙarafa ana ɗiga masa asid. Kowace kwalba da lambarta, da wuri, da lokaci, da sunan wanda ya riƙe ta daga fili har ɗakin gwaji. A ɗibi ɗaya daga wurin da gubar ba ta kai ba don kwatance, a kuma tura wani samfurin sau biyu da lamba daban, a gani ko za su ba da amsa ɗaya.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a ruwan sha: dalma maikirogiram 10 a lita, benzin (wani sinadari mai guba da ke cikin fetur) 10, kuromiyam 50. Wannan na ƙarshe shi ne ya shafi masu noman rani da ruwan da ke fitowa daga majemun Challawa, Sharaɗa da Bompai a Kano.

An ce akwai tsirrai da ƙwayoyin halitta masu cinye guba. Gaskiya ne?

Ga mai, gaskiya ne. A baza ƙasar, a sa taki, a riƙa juyawa da ban ruwa, ƙwayoyin da ke cikinta su ci man. Zafin ƙasashenmu yana taimakawa. Ga dalma da zaiba kuwa babu mai cinye su, ƙarfe ba ya ruɓewa. Tsiro yana iya zuƙar kaɗan, sai ka rasa inda za ka kai ganyen, ga awaki na yawo.

Me za a koya daga ƙasar Ogoni?

Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Agustan 2011, kan malalar mai a ƙasar Ogoni ta jihar Ribas, ya gano benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale da ya ninka ma'aunin lafiya sau 900, da mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa. Ya ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30, ya nemi dala biliyan 1 don farawa. Ya kuma nuna cewa juya saman ƙasa da ake yi bai kai ga man da ya nutse fiye da mita 5 ba. An ƙaddamar da aikin a Bodo a 2016, hukumar HYPREP ta gwamnatin tarayya ke riƙe da shi, kuma an sha kuka da jinkiri da ba wa waɗanda ba su san aikin ba kwangila. Rahoton ya nemi a kafa cibiyar horar da masu gyaran muhalli tun farko, don ya hango ƙarancin hannun da suka iya.

Wa za mu kai wa ƙara?

Malalar mai, hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006. Sauran gurɓata daga masana'antu, NESREA, ta 2007, da ma'aikatar muhalli ta jiha. In yara na rashin lafiya iri ɗaya a gari, asibiti mafi kusa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a kuma faɗa musu ƙarara irin sana'ar da ake yi a gidajen: niƙan dutse, fasa tsohon batir, narka ƙarfe. A Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar, fasa batirin mota ne ya kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008.

In an gama tsabtacewa, shi ke nan?

Da kamar wuya. A Zamfara an sake auna wasu gidajen da aka tsabtace aka tarar dalma ta dawo, saboda an ci gaba da shigo da dutse a ɓoye. Ba za ka ce wa mai iyali ya bar zinariya ya koma jiran damina ba tare da ka nuna masa wata hanya ba. Abin da aka koma yi shi ne fitar da wurin niƙa nesa da gari, niƙa da ruwa don ƙura ta kwanta, wurin wanka da canza kaya kafin a dawo gida, da sarakunan gargajiya da ke hana shigo da dutse. Ramin da aka binne ƙasar ma yana son mai duba shi bayan kowace damina, kada zaizaya ta buɗe shi, kada kuma wani ya ɗibi ƙasarsa ya buga tubali. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022, wato awo da bibiya yanzu suna hannun waɗanda aka horar a can da waɗanda su kuma za su horar.